Takardar Mutuwar Malam

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Fadima ta kira daga Jidda. Ta ce wuri ya samu. Asibitin haihuwa ne, suna neman ungozoma mai takarda wadda ta shekara goma tana aiki, ni kuwa na shekara goma sha tara. Tare muka yi makarantar ungozoma da Fadima a Sakkwato, ni nake rubuta mata rabin aikin da aka ba mu, yau ita ke nemo mani wurin ci da kai. Ta ce ejan da ke shirya tafiyar zai turo takardu, kuma dole su koma hannunsa kafin goma ga Oktoba, in ba haka ba a ba wata.

Na ce za ni yi tunani.

Ta ce, "Safiya, tunanin mi? Wata bakwai hwa."

Na san wata bakwai ne. Ni ke share ɗakin.

Malam, mijina, malamin dabbobi ne. Ya fita daga gidan nan na garin Isa ranar Alhamis, takwas ga Fabrairu, da akwatin allurarsa, zai je Kurawa yi wa shanu rigakafi. Abin da ya faru a hanya kowa ya sani, ba sai na ɓata takarda ba. An kira iyalan sauran mutanen motar kan kuɗin fansa. Mu ba a kira mu ba, har yau.

Laraba, 4 ga Satumba, hantsi

Takardun sun iso, na kai an buga mani su a shagon kwamfuta. Shafi goma sha ɗaya. Na cike goma a tsaye.

Shafi na uku yana da akwati biyu. In matar aure ce, a haɗo wasiƙar amincewar miji da sa hannunsa. In mijin ya rasu, a haɗo takardar mutuwa. Na juya bayan shafin ina neman akwati na uku. Babu. Wanda ya tsara takardar nan bai taɓa jin sunan Isa ba, balle Sabon Birni.

Na kira ejan na yi masa bayani. Ya saurara kamar mai hankali, sannan ya ce, "To Hajiya, a taƙaice, mijin yana raye ko ya mutu?"

Na ce, in ka gano ka kira ni, a kowane lokaci.

Alhamis, 5 ga Satumba, azahar

Alhamis. Ban ɗora tukunya ba.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Na gaya wa Inna Tasalla, mahaifiyar Malam. Gida ɗaya muke, ɗakinta na kallon nawa. Na same ta tana tsinke rama, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai: Jidda, asibitin, akwati biyu. Ta ci gaba da tsinke ramarta.

Da ta zage ni da na fi son haka. Ina da amsar zagi, na tanadi iri uku tun daga ƙofar ɗakina. Shiru ne ban tanadar wa komai ba.

Wakili, ƙanen Malam, yana zaune bakin zaure yana gyaran babur, ashe duk ya ji. Ya ce, "Matarmu za ta Makka ta bar mu da tuwon dawa! In kin tahi, wa za ya riƙa zagina da sahe?"

Na ce, "Za ni bar wasiyya, duk unguwa a riƙa karɓa-karɓa."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Daga nan muka tuna, muka bari.

Talata, 10 ga Satumba, da safe

An kawo wata asibitinmu daga Kamarawa a kan babur, mijinta a gaba, ita a tsakiya, uwarta a baya tana tallafe da ita. Naƙuda ta kama ta tun jiya da la'asar, amma ba mai hawa hanyar nan in rana ta karkata, sai suka jira gari ya waye. Mai naƙudar ta rayu, ɗan bai rayu ba. Namiji ne, gashi cike da kai.

Mijin ya yi mani godiya. Godiya! Na so in kama wuyan rigarsa in ce ya yi ihu, ya fasa taga, ya yi wani abu. Ya karɓi ɗansa cikin zane ya ce haka Allah Ya so.

Wannan ne na shida tun farkon damina. Da hannuna na iya ceton biyar daga cikinsu, da sun iso da wuri. Shekara goma sha tara ina koyon aikin nan, yanzu abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne naɗe gawa ƙarama.

Kada wani ya ce mani a nan aka fi bukatata. Ana bukatar hanya. Ni ba hanya ba ce.

Alhamis, 12 ga Satumba, hantsi

Na sauko da littattafan fiƙihun Babana daga saman kabad, na kaɗe su. Na san abin da za ni samu, na dai so in gani da idona. Matar wanda ya ɓace ba a san inda yake ba, ta kai maganarta gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Ban yi jayayya da littafi ba. Lissafi kawai na yi. Za ni kai shekara arba'in da takwas, a wannan tsakar gida, ina kallon waccan ƙofa.

Zahra'u ta kira daga gidan mijinta a Maraɗi. Ta ce, "Mama, ki tafi." Sannan ta fashe da kuka ta ce, "In Baba ya dawo fa?" Ɗiyata ce ta gaske. Ta ba ni shawara biyu a numfashi ɗaya, kowace ta kashe 'yar'uwarta.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan masallaci

Na iya kwaikwayon sa hannun Malam. Na gwada a bayan kwalin magani, ya fito kamar shi ya yi. Na yayyaga kwalin na jefa a murhu.

Talata, 17 ga Satumba, azahar

Wakili ya shigo da takarda a cikin leda, ba wasa a fuskarsa. Ya miƙo mani da hannu biyu kamar ni ce yayarsa ta ciki ɗaya.

Takardar kotu ce, da hatimi. Ya kai mutum biyu da ke cikin motar ranar, waɗanda suka dawo a watan azumi. Sun shaida a gaban alƙali cewa sun ga Malam ya faɗi a bakin hanya bai tashi ba. An rubuta cikakken sunansa, an rubuta takwas ga Fabrairu.

Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ba takarda kike nema ba? Ga ta."

"Na ce maka ka kashe mani miji?"

"Yaya Safiya, yayana ne tun ba ki san shi ba."

"Sun ga ya faɗi. Ni ma na taɓa faɗuwa a bakin rijiya, ga ni nan ina magana. Sun taɓa shi? Sun ga an rufe shi?"

Ya ce su ma gudu suke yi. Ya ce shi iyakar abin da ya iya ke nan. Ya juya ya fita, ya bar ledar a kan tabarma. Ban taɓa jin ya kira ni Yaya ba sai yau.

Inna tana ƙofar ɗakinta da carbi. An rubuta ɗanta a matattu, ta ji da kunnenta. Ta ci gaba da jan carbinta.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Labari ya riga ni tashi. Tun hantsi gida ya cika da mata. Gwaggo Sa'adiyya, ƙanwar mahaifin Malam, ita ce jagora. Ta zo da tsohon zane, da 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa, da tsinken tsefe kai. Ta shimfiɗa tabarma a ƙuryar ɗakina ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce in cire 'yan kunne. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba turare, ba kwalli.

Nan na gane abin da Wakili ya yi. Ya karɓo takarda don ya buɗe mani ƙofa, bai yi tunanin takaba ba, don shi namiji ne, bai taɓa zama a ƙurya ba. Goma ga Oktoba saura kwana ashirin da biyu.

Na ɗauko takardar na ce, "Gwaggo, karanta mani ranar da aka rubuta."

Ta ce, "Ke kin san ban yi boko ba, ba'a za ki yi mini?"

Na ce takwas ga Fabrairu. Iddar mutuwa daga ranar mutuwa take farawa, ba daga ranar da labari ya zo ba. In takardar nan gaskiya ce, takabata ta ƙare tun tsakiyar Yuni, ina wurin aiki ina wanke hannu ban sani ba. In kuwa ƙarya ce, mijina na raye, ku naɗe tabarmarku.

Sai kowa ta fara magana lokaci ɗaya.

Gwaggo ta ce, "Mu ba mu san wanga ba. Takaba sai an zamna ta. Uwayenmu sun zamna, mun zamna, ke wace ce?"

Na ce a aika wa liman. Aka aika Wakili, ya dawo ya tsaya daga zaure ya ce liman ya ce yadda na faɗa haka yake a littafi.

Gwaggo ta naɗe zanenta ta ce, "Karatu ya yi miki rana, ɗiyar malam. Mutum ya mutu ba a yi mishi ko kwana guda ba. Allah Ya ba ki jirgi mai sanyi."

Na ci gardama. Tun ina 'yar shekara tara nake cin gardama, ban taɓa jin ɗacinta kamar na yau ba. Sun watse, kowace ta gaishe da Inna ta tsallake ni.

Alhamis, 19 ga Satumba, da safe

Ba abin da ya rage sai in ɗauki hoton takarda in tura. Minti ɗaya. Ban tura ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, azahar

Ban tura ba. Fadima ta kira sau huɗu. Na wanke labule, na wanke randa, na wanke abin da na wanke jiya.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Za ni rubuta wannan sau ɗaya, yadda ya faru.

Wata yarinya 'yar ƙauyen Turba ta zo awo, sunanta Surayya. Cikin wata biyar. Na duba katinta na ga ba sunan miji, na dubi ƙafafunta na ga tabon igiya, ban tambaye ta komai ba. An sako su a tsakiyar Agusta. Na auna ta, na ba ta maganin ƙarin jini. Ta ɗaura zane, ta tsaya tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Malama, ke ce matar mai allurar shanu?"

Na ce ni ce.

"Mai tabo nan ga gira? Wanda in za ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu?"

Na zauna a kan gadon awo, inda ban taɓa zama ba.

Ta ce ta gan shi a can. Ba sau ɗaya ba. Ba a ɗaure shi da su, shi yana wurin garke. Shi ke duba masu shanu, shi ke yi masu allura, shi ya sa ba su neme mu ba, ba sayar da shi za su yi ba. Ta ce ya rame, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ganinta da shi na ƙarshe bayan Babbar Salla ne da kamar sati uku, sannan aka kora shanun gabas, aka tafi da shi. Daga nan ba ta sani ba.

Na ce ya ba ta saƙo?

Ta ce ba a barin su magana. Sau ɗaya ya miƙa mata nono a ƙwarya ya ce ta sha da sauri.

Na ce kada ta gaya wa kowa. Ta dube ni wani iri, kamar za ta ce wani abu, sai ta ɗauki katinta ta fita.

Na karɓi haihuwa biyu bayan tafiyarta. Duka lafiya. Ban tuna fuskar ko ɗaya ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, hantsi

Yuli. A Yuli Malam yana numfashi, ni ina nan ina yi wa Gwaggo lissafin Yuni.

Asabar, 28 ga Satumba, azahar

Haushin Malam nake ji, kuma ba wanda za ni gaya wa sai littafin nan. Na ce masa kada ya je. Na tsaya a ƙofa na ce masa hanyar ba ta da kyau. Ya ce in ba a yi rigakafin yanzu ba ciwon huhu zai share garken mutane. Shanu! To ga shi nan ya samu shanu, har ya ƙoshi. Da ya zama mutumin banza wanda bai iya komai ba, da tuni an kira mu.

Astagfirullah.

Shanun wa yake yi wa allurar ma? Na mutanen Kurawa da aka kora, waɗanda ya san su tun suna maruƙa. Na san shi. Yana can yana kiran su da sunayensu.

Talata, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

In na tura, na tafi da takardar da na san ƙarya ce. In ya dawo da ɗingishinsa ya tarar da ɗaki a kulle, a ce masa matarka ta karɓi takardar mutuwarka ta hau jirgi.

In ban tura ba, na zauna jiran mutumin da aka gani wata uku da suka wuce, aka kora shi gabas. Gabas ina? Gabas ba gari ba ce. Wata uku a can ya isa mutum ya mutu sau goma.

Na rubuta wannan jiya, na rubuta shekaranjiya, na yage. Kullum wuri ɗaya nake isowa.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da safe

Saura shida. Wakili bai ƙara yi mani wasa ba. Yana gaishe ni kamar baƙuwa.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kasa riƙewa. Uwa ce, tana da hakkin ta san ɗanta ya wuce takwas ga Fabrairu. Na kuma yanke cewa in na faɗa mata, magana ta ƙare, ba inda za ni, don ba za ta bari ba, ni ma ba za ni iya kallon idonta ba. Gaskiya ma so nake ta hana ni, in samu wanda za ni ɗora wa laifi har ƙarshen rayuwata.

Na shiga ɗakinta na durƙusa. Na ce, "Inna, akwai wata yarinya ta Turba."

Ta ce, "Surayya."

Na ɗago kai.

Ta ce, "Wurina ta hwara zuwa, kwana ukku da sako su. Kakarta ƙawata ce. Ni na ce ta yi shiru."

Na ce, "Tun Agusta kin sani?"

"Tun Agusta."

"Kina zaune Wakili ya kawo takardar nan, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Ni na aike shi. Shi bai san zancen yarinyar ba, kar ki hwaɗa mishi, ba ya iya ɗauka."

Na ce, "Inna, yana raye fa. Mai yiwuwa yana raye."

Ta ce, "Mai yiwuwa. Takarda anka rubuta, ba kabari anka gina ba. In ya dawo matarshi ce ke, ko kina Makka ko kina bayan Makka. Waya na zuwa can."

"In ya dawo bai tarar da ni ba fa?"

"Ni za ya iske. Ni na haihe shi, jiran nawa ne. Ni ba ni da aikin da ya hi wanga, ke kina da shi. Wata bakwai ina kallonki daga ƙohwar ga, kina ƙonewa kamar itace, kowa ya matso ki ƙone shi. Sun ɗauke mini guda. Ba ni ba su biyu."

Na ce mutane za su zage ni.

Ta ce, "Sun riga sun hwara. Sa'adiyya ki bar mini ita."

Ta ja carbinta ɗaya, biyu, ta tsaya. Ta ce, "Alasan ba ya son a zamna a lalace sabo da shi. Kin hi ni sani."

Shekara ashirin da uku ina gidan nan, ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ɗan fari ne. Kullum wancan, kullum mai gidanku. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta, sannan ta juya fuskarta ga bango ta ce in ja mata ƙofa.

Na zo da fushi na wata bakwai, na rasa inda za ni ajiye shi. Na dawo da shi ɗaki.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi

Na cike shafi na uku. Na ɗauki hoton takardar kotu na tura.

Ba a yi minti biyar ba ejan ya amsa. Ya ce komai ya cika, in shirya zuwa Kano gwajin lafiya mako mai zuwa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: Allah Ya jiƙan mai gida, Ya sa ya huta.

Ban ce amin ba.